Fatawa: Karatun falsafar addinin Buda da shiga wuraren bautarsu

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne daga Katsina, ina digiri na biyu a fannin tarihi a wata jami'a a Indiya. A wannan zangon an wajabta mana darasi a kan tarihin falsafar addinin Buda da yadda ta bazu a nahiyar Asiya, kuma a ƙarshensa za a kai mu ziyarar gani da ido wuraren tarihin addinin, wato Sarnat da Bod Gaya da kufan Nalanda, tsohuwar babbar makarantar mabiyansa. Malamin darasin yakan sa mu rufe ido mu bi numfashinmu na minti biyar kafin a fara aji. Wani abokina ya ce karanta irin wannan ma kafirci ne, wani kuma ya ce ai Buda annabi ne, shi ne Zulkifli. Ina gaskiyar take?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗana, abokan nan naka duka biyu sun yi gaggawa. Karatun da kake yi ya halatta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi halaccin nauyi.

Sanin aƙidar wasu daban, yarda da ita daban. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganar Fir'auna da ta masu cewa zamani ne kaɗai ke halaka su, sannan ya rushe su. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 55, yana bayyana ayoyi daki-daki domin hanyar masu laifi ta fito fili. Huzaifa ɗan Yaman kuma ya ce mutane suna tambayar Annabi (SAW) alheri, shi kuwa yana tambayar sharri don tsoron kada ya riske shi. Saboda haka idan ka rubuta a takardar jarrabawa cewa wane ya ce babu rai mai dawwama, ka naƙalto ne, ba ka yi kafirci ba. Ka dai jingina kowace magana ga mai ita.

Malamanmu ma sun riga jami'arku shiga wannan fage. Ibnun Nadim, a Fihrist ɗinsa na shekara ta 377 bayan hijira, ya yi bayanin Sumaniyya, sunan da Musulmi na farko ke kiran mabiya Buda da shi, ya kuma ambaci cewa waziri Yahaya ɗan Khalid Albarmaki ya tura mutum Indiya ya kawo magunguna ya kuma rubuto addinan mutanen can. Su kansu Baramika kakanninsu ne masu kula da Naubahar, babban gidan bautar Buda na Balkh. Shaharastani, wanda ya rasu a 548, ya ware musu wuri a Almilal wan Nihal. Biruni kuwa ya nuna ladabin bincike: ya faɗa a sarari cewa bai samu littafinsu ba, bai kuma haɗu da wani daga cikinsu da zai koya a wurinsa ba, don haka ɗan abin da ya kawo naƙali ne daga wani. Ba mu ji wani malami ya kafirta su a kan haka ba.

Dole ka fahimci abin da kake karantawa, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Abin da ake kira addinin Buda ba abu ɗaya ba ne. Siddarta Gautama, wanda ake kira Buda, ɗan gidan sarauta ne daga ƙabilar Sakya, an haife shi a Lumbini, cikin Nepal ta yau, wajen ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da aka naƙalto daga gare shi ya tsaya ne a kan cewa rayuwa wahala ce, tushen wahalar kwaɗayi ne, ana iya kashe kwaɗayin, kuma akwai hanya mai rassa takwas zuwa ga hakan. Ya ƙara da cewa komai mai gushewa ne, babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, kuma ana ta sake haihuwar halitta gwargwadon aikinta har sai ta kuɓuta. Ba a rubuta waɗannan maganganu ba sai bayan ɗaruruwan shekaru, a Sirilanka, cikin ƙarni na 1 kafin Annabi Isa, da harshen Pali. Can ɗin ma Sarki Asoka na Indiya ne ya tura ɗansa Mahinda da koyarwar a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa, bayan yaƙin Kalinga ya girgiza shi. Wannan reshe, Terabada, shi ne ya kafu a Sirilanka da Bama da Tailan da Kambodiya da Lawos.

Ɗaya reshen, Mahayana, shi ne mai zurfin falsafa, kuma nan ne zuciyar darasinku. Nagarjuna, wajen ƙarni na 2 Miladiyya, ya ce babu abin da ke da haƙiƙar kansa, kowane abu ya rataya ne ga wani. Asanga da ɗan'uwansa Basubandu, mutanen Fishawar ta Fakistan ta yau, suka karkata ga cewa abin da muke ɗauka duniyar waje sarrafawar tunani ne. Dignaga da Darmakirti suka gina manɗiƙi, suka ce hanyoyin sani biyu ne kacal, abin da gaɓoɓi suka riska da abin da hankali ya ciro daga gare shi, kuma Darmakirti ya yi jayayya ƙarara da masu cewa akwai Mahalicci. Ta hanyar fataken siliki koyarwar ta shiga Sin a ƙarni na 1, malami Kumarajiba ya isa birnin Chang'an na Sin a 401 ya jagoranci fassara littattafansu, Shuwanzang ya bar Sin a 629 ya yi karatu a Nalanda ya koma a 645 da lodin littattafai. Ta kai Koriya a 372, Japan a ƙarni na 6, Tibet a na 7 da na 8. Ko'ina ta je sai ta sha ruwan garin. A Sin ta cuɗanya da tunanin Tawo, tsohuwar falsafar mutanen Sin, ta haifar da Chan, wanda Japanawa ke kira Zen. Wani reshen kuma ya koma kiran sunan Amitaba, wani Buda da suke bauta wa, dare da rana don neman shiga aljannarsa.

Akwai abu ɗaya a tarihin nan da nake so ka tsaya a kansa. A ƙarnonin farko ba a sassaƙa surar Buda. Masu zane sukan nuna sawun ƙafa, ko kujera ba kowa a kanta, ko bishiya. Sai wajen ƙarni na 1 Miladiyya gumakansa suka bayyana a Gandara da Matura. Ka ajiye wannan kusa da abin da Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas game da Wadda da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra: mutanen kirki ne daga jama'ar Annabi Nuhu, aka kafa musu alamu don tunawa, da na farko suka mutu ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Ɗalibin da ya san tauhidinsa zai fito daga wannan aji da ƙarin yaƙini.

Amma wanda bai sani ba fa? A nan sharaɗin yake. Mutane sun ɗauka haɗarin yana ga gumaka, alhali da wuya ɗan Musulmi ya ga dutse ya faɗi ya yi masa sujada. Haɗarin yana cikin tambayoyin. Jahamu ɗan Safwan ya zauna a Tirmiz, garin da har yau kufan gidajen bautar Buda ke gefensa a Uzbekistan. Imamu Ahmad ya kawo cewa wasu Sumaniyya sun tare shi suka ce: wannan Ubangijin naka, ka gan shi? Ka ji muryarsa? Ka shaƙi ƙamshinsa? Ka taɓa shi? Duk ya ce a'a. Suka ce to me ya sanar da kai shi Ubangiji ne? Jahamu ya ruɗe, ya yi kwana 40 bai san wa yake bauta wa ba, a wata ruwayar bai yi sallah ba. Da ya dawo da amsa, sai ya dawo da wadda ta kore wa Allah siffofinsa, fitinar da ta daɗe tana cin al'umma bayan an kashe shi a 128 bayan hijira. Jahamu mutum ne mai kaifin baki, abin da ya rasa zama gaban malamai ne. Wanda bai iya iyo ba ba ya shiga kogi don auna zurfinsa.

Don haka hukuncin ya bambanta da mutum. Wanda ya san aƙidarsa da hujjojinta, karatun halal ne gare shi, har yakan zama farali na kifaya idan akwai buƙatar masu yi wa mutanen nan da'awa ko mayar da martani da ilimi. Wanda bai da tushe, kuma yana jin shubuha na kama zuciyarsa, haramun ne ya zurfafa har sai ya gyara. Kai da darasin ya zama maka dole, ka haɗa shi da bitar muƙaddimar Risala ta Ibnu Abi Zaid tare da sharhinta a gaban malami, ko ta waya ne. Duk tambayar da ta tsaya maka a rai, kada ka kwana da ita.

Batun annabci kuwa, Allah ya ce babu wata al'umma face mai gargaɗi ya shuɗe a cikinta (Faɗir, 24), kuma akwai manzannin da bai ba mu labarinsu ba (Gafir, 78). Indiya ba ta fita daga wannan ba. Sai dai annabci ba ya tabbata ga wani mutum ayyananne sai da nassi, kuma babu nassi a nan. Masu cewa Zulkifli ne ba su da abin riƙewa sai kamannin suna da Kapilabastu, garin da Buda ya tashi, malaman tafsiri na farko kuma ba su faɗi haka ba. Shaharastani ma iyakar abin da ya ce shi ne, in siffar da suke ba shi gaskiya ce, ya fi kama da Halliru. Mu ba mu ce annabi ne ba, ba ma zaginsa, Allah ya san haƙiƙarsa. Abin da ke gabanmu muke hukuntawa: koyarwar da babu Mahalicci a cikinta, babu tashin ƙiyama, aka sa sake haihuwa a madadinsu, ta saɓa wa abin da dukkan manzanni suka zo da shi (Nahli, 36), kuma Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ta toshe ƙofar komowa duniya bayan mutuwa. Ba Ahlul Kitabi ba ne, ba a cin yankansu, ba a auren matansu. Abincinsu na ganye da hatsi halal ne matuƙar babu giya a ciki kuma ba a miƙa shi ga gunki ba.

Ziyarar Nalanda da gidan tarihin Sarnat babu laifi, kufai ne da kayan tarihi, kuma an umarce mu da tafiya a bayan ƙasa mu ga ƙarshen waɗanda suka gabata. Haikalin Mahabodi na Bod Gaya shi ne mai magana, domin ana bauta a cikinsa kullum: za ka ga 'yan Tibet suna miƙewa rub da ciki a kan alluna, wasu na kunna fitilu, wasu na kewaye ginin ta hannun dama. Malamai sun saɓa a kan shiga irin wannan wuri. Sayyidina Umar ya ce ba ma shiga majami'unku saboda surorin da ke ciki, wasu malaman kuma sun yi rangwame. Abin da na rinjayar shi ne karhanci, kuma buƙatar karatu tana ɗauke shi, in ba ranar bikinsu ba ce. Cire takalmi da biyan kuɗin shiga ba komai. Amma kada ka rusuna ko ka haɗa tafuka ga gunki, kada ka shiga sahun masu kewaye, kada ka ajiye fure ko turare ko kuɗi a wurin hadaya, ko da jagoran ziyara ya ce ladabi ne kawai. Kada kuma ka yi izgili, Suratul An'am aya ta 108 ta hana. Ka kyautata wa abokan karatunka kamar yadda Mumtahana aya ta 8 ta yarje. Zaluncin da sojojin Bama suka yi wa Musulmin Rohingya a 2017 ba a ɗora shi a kan ɗalibin da ke zaune kusa da kai.

A Nalanda za ka ji an ce Musulmi ne suka ƙone ta, ana nufin rundunar Bakhtiyar Khalji wajen 1200 Miladiyya. Kada ka fusata, kada kuma ka yi musun abin da ba ka bincika ba. Hare-haren sun faru a Bihar, yankin da Nalanda take. Amma addinin ya daɗe yana ja da baya a Indiya kafin nan, kuma wani malamin Tibet, Darmasbamin, da ya je wajen 1235 ya tarar da wani tsoho yana koyar da ɗalibai kusan 70 a wurin. Ka kuma tuna musu abin da Balazuri ya kawo daga Muhammadu ɗan Ƙasim a Sindi, cewa ya ɗauki gidajen bautar mutanen Sindi kamar majami'un Nasara da Yahudu da gidajen wutar Majusawa.

Shirun minti biyar kuwa, zama a natsu a bi numfashi, in babu wata karantawa ko niyyar ibada, mubahi ne a asalinsa. Kai ka cika shi da istigfari a zuci. Idan aka ce a maimaita kalmomin neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'arsa, ka kame bakinka, domin da su ake shiga addinin. Haka nan kada a ja ka zaman kwana 10 na Bipasana, wato zaman shiru da zurfafa tunani irin na mabiya Buda, da cibiyoyin wani malami mai suna Goenka ke shiryawa ko'ina a Indiya, ko da an ce maka ba na addini ba ne, domin a ƙa'idarsu dole mahalarci ya dakatar da duk wata addu'a da ibada har a gama, Musulmi kuwa ba ya ajiye sallah ko ta wuni ɗaya.

Wallahu a'alam.