Tambaya da Amsa: Wa ya ƙera wannan tsohon ud ɗin, kuma a ina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kawuna ya yi karatu a Misira, ya dawo da ud, wato molon nan na Larabawa. Bayan rasuwarsa aka ba ni shi. Idan aka leƙa ciki akwai wata takarda da rubutun Larabci, wani malami ya ce ya ga "Nahat" da "Dimashƙ", amma lambobin sun dushe. Fuskarsa ta ɗan tsage. Wani kafinta ya ce zai goge shi da samfefa ya shafa masa man ƙyalli. Yaya zan gane asalinsa? Daga wani mai karatu, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan kawu. Kafin komai, ka dakatar da kafintan nan. Fuskar ud kaurinta bai wuce milimita 2 ba, samfefa za ta cinye ta, man ƙyalli kuma ya toshe muryar. Abin da ya fi muni, shaidar da kake nema tana jikin katakon ne, idan aka goge ta tafi ke nan.

Sunan da aka karanta maka babba ne. Iyalin Nahat na Dimashƙ sun shahara da ƙera ud tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma Abdo Nahat, wanda ya rasu a 1941, shi ne aka fi ambato. Shaharar nan ce ta sa takardun jabu masu sunansu suka yi yawa. Don haka ka ɗauki takardar kamar mai da'awa a gaban alƙali: ta faɗi nata, saura shaidu.

Ka fara da karanta ta da kyau. Ka shiga ɗaki mai duhu, ka haska tocila ta ɗaya daga cikin ƙananan ramukan fuska, ka ɗauki hoto da waya ta babban ramin. Kada ka ɓamɓare adon da ya rufe ramin, wanda ake kira shamsiyya, yana karyewa nan take. A hoton ka nemi kalmar da ta gabaci suna. "Sun'u" ko "amal" ko "shugul" na nufin wanda ya ƙera, "taslih" kuwa mai gyara ne kawai, kuma sau da yawa ana samun takardu biyu, ta maƙeri da ta mai gyara. Wata takardar ma ta kantin da ya sayar ce. Lambobi su ne suka fi ruɗar mutane a nan Maraɗi, domin mun saba da na boko. A rubutun Gabas, ɗan zagaye ٥ biyar ne, sifiri ɗigo ne kawai, ٦ kuma shida ce ko da ta yi kama da bakwai. Idan shekarar ta fara da 13, galibi Hijira ce: ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1340 za ta ba ka wajen 1921 zuwa 1922. Takardun Istanbul na zamanin Usmaniyya wani lokaci suna bin kalandar Rumi, a nan 584 ake ƙarawa. Idan kuma Turkanci ne da haruffan boko, to bayan 1928 aka buga ta, shekarar da Turkiyya ta bar haruffan Larabci.

Sai ka ƙara girman hoton ka dubi takardar ita kanta. Tsohon bugu yana ɗan nutsewa cikin takarda, shekara da lamba kuma galibi da hannu ake cika su da tawada. Fotokwafi baƙinsa yana zaune a sama, yana ɗan sheƙi. Cikin ƙoƙon akwai siraran takardu ko ƙyalle da aka liƙa kan mahaɗar katakai, ka gwada tsufansu da na takardar. In ciki fes yake, takarda kuma ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi, akwai magana. Haka gam: na da, wanda ake dafawa daga fata da ƙashi, ruwan ƙasa ne mai tsattsagewa idan ya tsufa. Farin gam na kafintoci a ƙarƙashin takardar da ke cewa 1920 alama ce cewa daga baya aka liƙa ta. Wani lokaci takardar ta gaske ce, amma an ciro ta daga ud da ya farfashe aka maƙala wa wani.

Yanzu jiki. Ɗauko magwajin tela ka auna tsirkiya daga ɗan ƙashin da ke bakin wuya zuwa jaki, wato ɗan katakon da ke kan fuska wanda ke ɗauke da tsirkiyoyi. Santimita 61 zuwa 62 awon Larabawa ne, Sham da Misira. Wajen 58.5 awon Turkiyya ne, kuma ud ɗinsu ya fi ƙanƙanta da rashin nauyi. A Istanbul sunan da ya fi daraja shi ne Manol, maƙeri Bagirke, shi ma an sha yin jabunsa. Ka dubi jakin: in an liƙa shi a fuska kuma a jikinsa ake ɗaure tsirkiya, tsarin gargajiya ne. In tsirkiya ta haye kansa ta je ta ɗauru a gindin ƙoƙo, wannan salon Bagadaza ne da aka sani da Muhammad Fadil da makaɗi Munir Bashir daga shekarun 1950, ba zai zama aikin Dimashƙ na 1920 ba.

Ado ba ya nuna daraja. Da yawa daga ud ɗin da ake sayar wa baƙi a Alƙahira an cika su da farin ado mai walƙiya, wani lokaci roba ce, ga nauyi, ga man ƙyalli mai kauri. Aikin gwani ana gane shi a mahaɗa: katakan ƙoƙo sun haɗu ba giɓi, sun tattaru daidai a gindi, ud ɗin kuma ya ba ka mamaki da rashin nauyi. Iyalin Nahat an san su da icen da Larabawa ke kira jauz, da shamsiyya mai sassaƙa siririya, wani lokaci da rubutu a cikinta. Tunda kawunka a Misira ya zauna, mai yiwuwa daga titin Muhammad Ali ya saya, inda maƙeran kayan kiɗa suke, kuma can tsoho da sabo duk suna haɗuwa. Ka sani kuma ana iya samun ƙoƙo na asali da fuska sabuwa ko wuya da aka sauya. Ud ɗin yana nan da tarihinsa, amma kuɗinsa ya ragu sosai.

Hukunci na ƙarshe sai wanda ya riƙe irinsu da yawa. Ka ɗauki hotuna da hasken rana a inuwa: gaba, baya, gefe, kan da kunnuwan ɗaure tsirkiya suke, shamsiyya, gindin ƙoƙo da takardar, ka haɗa da awon, ka tura wa maƙerin ud a Alƙahira ko Istanbul. Ka tambayi biyu, kada ɗayansu ya zama mai son saye. Ka kuma binciki akwatin ud ɗin da takardun kawu, rasit ko tsohon hotonsa riƙe da shi na iya tabbatar da shekarar da ya shigo hannunsa.

Tsagewar fuskar kuwa aikin hunturu ce, iska ta bushe katako ya tsuke. Ka sassauta tsirkiyoyin yau ɗin nan, kada ka ɗiga gam mai saurin kamawa a tsagin, domin yana shiga katako ya hana gyara na gaskiya. Ka ajiye shi cikin akwati, nesa da ƙasa da bango saboda gara, nesa da zafin kwano. Daga Nuwamba zuwa faɗuwar damina ka sa soso mai ɗan laima cikin robar sabulu mai huji a cikin akwatin, ba tare da ya taɓa katako ba, ka riƙa duba shi duk kwana biyu ko uku. Da damina ta kama ka cire shi.