Amsa kan ƙanƙarar da ke toshe kafiretar ƙaramin jirgin sama

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena da ya yi tambaya jiya, wai yaya za a ce ƙanƙara ta kashe injin ƙaramin jirgi alhali ranar ana zafi, ko dai masu binciken hatsarin jirgi sun rasa abin faɗa ne? A'a wallahi, gaskiya suka faɗa. Bari ka ji.

Ita wannan ƙanƙarar ba daga gajimare take zuwa ba, a cikin kafireta take samuwa. Ka taɓa zuba fetur a bayan hannunka, ka ji sanyin da yake yi yana bushewa? To, haka abin yake a ciki. Fetur yana zama tururi, iska kuma tana kutsawa ta wata siririyar hanya da gudu, sai zafinta ya faɗi warwas, wani lokaci da digiri 30 na ma'aunin Celsius ko ma fiye. In iskar tana da laima, ruwan da ke cikinta sai ya daskare a jikin murfin da totur ke buɗewa. Hanyar iska ta riƙa tsukewa a hankali, injin ya riƙa shaƙewa.

Hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ce abin ya fi faruwa in zafin gari bai kai digiri 21 ba kuma laima ta haura kashi 80, amma yana iya faruwa har a digiri 38 da laima kashi 50. Ka ga kenan safiyar damina a Zariya ko Kano ba ta tsira ba. Hunturu ma, saboda bushewar iskarsa, ya fi sauƙi.

Inda abin ya fi muni shi ne lokacin saukowa, an rage totur, murfin ya kusa rufewa. Matuƙi bai lura ba, sai ya tashi ƙara wuta kusa da ƙasa, injin ya ƙi amsawa.

Alamar farko, juyin injin ya ragu kaɗan-kaɗan, daga baya ya fara kakari. Maganin kuwa akwai shi a jirgin: wani maɓalli ne da ke turo iska mai ɗumi daga jikin salansa zuwa kafireta. Sai dai fa in ka ja shi, injin zai ƙara rikicewa na ɗan lokaci, don ƙanƙarar tana narkewa ruwan yana bi ta ciki. Nan ne wasu ke tsorata su mayar da shi. Kuskure ne babba, a bar shi a buɗe gaba ɗaya har injin ya daidaita.

Batun masu bincike kuma, kafin su iso wurin hatsarin ƙanƙarar ta narke, sai su tarar da inji lafiya lau. Shi ya sa suke komawa ga bayanan zafi da laimar wannan ranar. Jiragen da ke fesa mai kai tsaye, irin Cessna 172 na bayan 1996, ba su da kafireta, wannan matsalar ba ta shafe su ba.

Allah Ya kiyaye mu. Sai anjima.