Amsa ga uwar da 'yarta ke kwanciya duk wata saboda ciwon mara

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Kin ce yarinyarki shekararta 15, duk wata sai ta kwanta kwana biyu uku ba makaranta har da amai, kina tambaya ko akwai gwajin da ake wa 'yan mata a gane ko endometriosis ne. Ni ba likita ba ce, amma tun ina aji uku na sakandare nan Gombe nake shan wannan azaba, sai da na kai 27 aka gano.

Gaskiya babu gwajin jini guda ɗaya da za a ɗiba a ce miki ga shi. Sikanin ma yana iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan daram, ni sau uku ana min ana cewa ba komai, har a gida aka fara ce min mai raki. Kakata Allah ya jiƙanta ta jiƙa min kanwa ta ce in daure, in na yi aure zai tafi, wallahi na yi auren bai je ko'ina ba sai ma jinkirin haihuwa da ya hau kai. Shi endometriosis ɗin wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a waje, kan ma'ajiyar ƙwai ko hanji ko mafitsara, lokacin al'ada shi ma ya kumbura ya yi jini ba hanyar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi.

Tantancewar da tambayoyi ake farawa. Ki saya mata ɗan littafi ta riƙa rubutawa wata uku: ranar da ciwon ya zo, kwana nawa, audugar mata nawa take canzawa, ko tana jin zafi wajen bayan gida ko fitsari, kwana nawa ta rasa makaranta. Ki kuma tuna ko ke ko yayyenta akwai mai irinsa, don yana bin dangi.

Da littafin za ku je ɓangaren mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya, ba kemis ba. Ni Felvin, maganin rage zafi, na yi ta haɗiya ba abinci a ciki har olsa ta kama ni. Ki faɗa wa likita budurwa ce, ta saman ciki za a yi sikanin. Kuma kar gabanki ya faɗi in an rubuta mata ƙwayar tazarar haihuwa, da ita ake kwantar da ciwon, amma ki tafi da babanta ya ji da kunnensa don kar a dawo gida a yi rigima. Nawa sai da aka ɗan huda cibiya aka zura kyamara sannan aka gani, ita ƙila ba sai an kai nan ba. Allah ya ba ta lafiya.