Ɗan ƙanina ya ce shi ba Bahaushe ba ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanina ya daɗe yana aiki a Ingila, ɗansa na fari can aka haife shi, yanzu shekararsa 15. Da suka zo hutu Gombe kakarsa na masa Hausa yana mayar mata da Turanci, har ya ce mana shi ɗan Birtaniya ne ba Bahaushe ba. Abin da ya ɗaure min kai, babban abokinsa ɗan Lituweniya ne, shi ma haihuwar can, amma wai yana jin yarensu sosai. Me suke yi ne da mu ba ma yi? Maman Hanif, Jekadafari.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Hanif. Wallahi tambayarki ta taɓa ni, don ko nan Gombe yara nawa ne iyayensu Fulani ko Tera ko Tangale amma bakinsu sai Hausa, takardar indijin ce kawai ke tuna musu garinsu.

Lituweniya ƙaramar ƙasa ce a Turai, mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. Sun ɓalle daga Tarayyar Sobiyet a 1990, da suka shiga Tarayyar Turai a 2004 kuma sai matasa suka yi ta kwarara Ingila da Ayalan da Norwe neman aiki, to kin ga damuwarki ita ce tasu, kuma kar ki ɗauka duk yaransu ne suka riƙe yaren, da yawa ya kuɓuce musu. Sai dai su mutane ne da suka san zafin a raba ka da harshenka, daga 1864 zuwa 1904 sarakunan Rasha sun hana buga littafi da rubutunsu, sai ta ɓarauniyar hanya ake shigo da littattafai, wanda aka kama ya sha ɗauri. Shi ya sa duk inda suka taru za ki ga sun buɗe makarantar Asabar, yaro ya yi bokon ƙasar da yake ciki Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar a koya masa karatu da waƙoƙi da tarihin gida, a can kuma yake samun abokai irinsa, wanda ni a ganina shi ne babban sirrin. Ranar 6 ga Yuli kuma duk inda suke a duniya suna rera taken ƙasarsu lokaci ɗaya.

Wajen takarda ma mun fi su sauƙi. Dokarsu ta tsananta kan fasfo biyu, an yi ƙuri'ar raba gardama kan a sassauta ta a 2019 da 2024, masu goyon baya suka fi yawa amma ba su kai adadin da ake buƙata ba. Valdas Adamkus da ya yi kusan shekara 50 a Amurka sai da ya ajiye shaidar zama ɗan Amurka kafin ya hau kujerar shugaban Lituweniya a 1998. Shi kuwa yaronku tunda ubansa ɗan Najeriya ne tsarin mulkinmu ya ba shi damar riƙe biyun.

Don haka da ya ce shi ɗan Birtaniya ne bai yi ƙarya ba, can yake karatu can zai yi zaɓe, kar ku musa masa. Ɗaya ɓangaren ne aka bari ba a raya ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ki faɗa wa ƙaninki a koma Hausa a cikin gida, ya nemi 'yan Arewan da ke kusa da su ko gida biyar ne su riƙa haɗa yaran duk mako, kaka ta riƙa kiransa ta WhatsApp tana ba shi labarin dangi. In ya dawo hutu kuma don Allah ki ja kunnen yaran gida, kar wanda ya yi masa dariya in ya karya Hausa.