Tambaya da Amsa: Daga Ina Ake Fara Shirin Wutar Sola a Gida?

A wannan fitowa mun zaɓi tambayoyi huɗu daga cikin waɗanda masu karatu suka aiko mana game da farantan sola da baturan ajiyar wuta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sanya sola a gidana, na kuma tuntuɓi masu haɗawa biyu. Na farko ya ce in sayi inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita) mai kVA 5 (ma'aunin ƙarfinta) da faranti shida, na biyu ya ce kVA 3 da faranti huɗu sun ishe ni, alhali babu wanda ya shiga gidan ya ga abin da nake kunnawa. Maganar wa zan ɗauka? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗauki maganar kowannensu tukuna, domin duk wanda ya yanke maka girman kaya ba tare da ya tambayi abin da kake kunnawa da tsawon lokacin da kake kunna shi ba, kirdado kawai yake yi da kuɗinka. Aikin farko naka ne, kuma biro da takarda sun ishe ka. Ka bi kayan lantarkin gidan ɗaya bayan ɗaya, ka duba 'yar takardar da ke manne a bayan kowanne ko a ƙarƙashinsa inda aka rubuta yawan wat ɗin da yake ja, sannan ka ninka adadin da awannin da yake aiki a kullum. Abin da ya fito shi ake kira wat-awa, kuma a kansa ake gina duk sauran lissafin.

Mu ɗauka kana da ƙwan fitila takwas masu wat 10 da ke ci awa shida, wato wat-awa 480. Fanka uku masu wat 70 da ke juyawa awa goma, wato 2,100. Talabijin mai wat 80 na awa biyar, wato 400. Firji wanda za mu ƙiyasta masa 1,200 a yini. Sai cajin waya da kwamfuta, a ce 200. Jimilla ta kusa wat-awa 4,400. Idan inda kake ana samun kwatankwacin awa biyar na cikakkiyar rana, kuma aka cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu saboda abin da zafi da ƙura da wayoyi da caji suke cinyewa, to kana buƙatar faranti da jimillarsu ta kai wajen wat 1,200. Uku masu wat 450 za su yi, amma ni zan so ka ƙara na huɗu saboda ranakun hadari.

Daga nan sai ka sake bin lissafin ka ware abin da ake ci daga faɗuwar rana zuwa hantsi, domin wannan ne nauyin da batir zai ɗauka shi kaɗai. A misalinmu zai kai kusan wat-awa 3,200. Wannan adadi shi ne mafi muhimmanci a takardarka, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Mutane da yawa suna auna ƙarfin solarsu da girman inbata, alhali inbata ba ta samar da wuta, ba ta kuma ajiye ta. Idan batir tanki ne, faranti su ne masu cika shi, inbata kuwa bakin famfo ce kawai: faɗinta yana nuna yawan abin da zai iya fita a lokaci guda, ba yawan abin da ke cikin tankin ba. Ana zaɓen ta ne bisa kayan da za su iya haɗuwa a kunne a lokaci ɗaya, tare da barin sarari ga firji da injin tura ruwa, waɗanda kan ja ninki uku ko fiye na ƙarfinsu a daidai lokacin tashi. Ka kuma lura cewa a inbatoci da dama kVA 5 na nufin kilowat 4 ne kawai, kuma babbar inbata tana cin nata rabon daga batir ko da babu abin da aka kunna.

Tambaya: Malam, batirin ruwa da batirin litiyam, wanne ya fi? Maigidana yana ganin na litiyam ya yi tsada da yawa, ni kuma na gaji da ganin na ruwa suna mutuwa a gidajen 'yan'uwa kafin su cika shekara biyu. Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, ku duka biyun kuna da gaskiya, sai dai shi yana duban ranar saye, ke kuma kina duban shekarun da za su biyo baya. Batirin da ake kira na ruwa batirin dalma ne, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, kuma har yau yana aiki ga wanda ya san halinsa. Halinsa kuwa shi ne ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, wato 12 sau 200, amma abin da ya kamata a ci daga ciki a kowane dare 1,200 ne. Duk daren da aka bar shi har inbata ta yi kuka ta mutu, an rage masa kwana. Haka kuma idan ya yi kwanaki bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba tare da ya dawo ba. Zafi ma babban maƙiyinsa ne, domin kowane ƙarin kusan digiri 10 a kan digiri 25 na ma'aunin Selshiyos yana iya raba rayuwarsa biyu. Ina kyautata zaton baturan 'yan'uwanki ba duka ne jabu ba. Akasari an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ne, aka kuma haɗa su da faranti kaɗan da ba sa iya cika su.

Na litiyam da ya dace da gida shi ne nau'in da ake rubuta wa LiFePO4, wanda ya samo asali daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas ta Amurka a shekarun 1990. Ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, masu ƙera shi na kirki sukan ba shi zagayen caji 3,000 zuwa 6,000, yayin da na dalma yakan tsaya tsakanin 'yan ɗaruruwa zuwa wajen 1,500, gwargwadon nau'insa da yadda aka riƙe shi. Yana kuma mayar da kusan kashi 95 na wutar da aka zuba masa, na dalma kuwa kashi 80 zuwa 85. Gidan da ke cin wat-awa 3,200 da dare, batirin litiyam guda mai bolt 51.2 da amfiya-awa 100, wato wat-awa 5,120, zai riƙe shi har gari ya waye. Idan na dalma ne sai an jera huɗu masu amfiya-awa 200.

Saboda haka ki ce wa maigida ya raba kuɗin kowane batir da yawan wutar da zai bayar a tsawon rayuwarsa, ba ya tsaya ga abin da zai biya a yau ba. Ra'ayina shi ne, ga gidan da zai dogara da batir kowane dare, litiyam ya fi sauƙi idan aka yi dogon lissafi, da sharaɗin yana da ingantacciyar na'urar tsaro a cikinsa, wadda ake kira BMS, da takardar garanti, kuma inbatar ta san yadda ake cajinsa. Idan kuwa hali bai kai ba, babu laifi a fara da na dalma, amma a ajiye shi a wuri mai sanyi da iska ke ratsawa domin yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta lokacin caji, a riƙa duba ruwansa, kuma kada a ƙara masa komai sai tataccen ruwan batir.

Tambaya: Na sayi faranti masu wat 550, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya ba da fiye da 430 ba ko da tsakar rana. An cuce ni ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, ba lallai ba ne. Adadin da ke bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana kan digiri 25. A saman rufi da tsakar rana yakan haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana rage masa kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari, ka ga zafi kaɗai ya cinye fiye da kashi goma. Idan aka haɗa da ƙura da asarar wayoyi, samun kashi 75 zuwa 85 na abin da aka rubuta ba abin tayar da hankali ba ne, kuma idan batir ya kusa cika, na'urar caji da kanta take rage abin da take ja.

Duk da haka akwai abubuwan da za ka duba. A bar rata tsakanin faranti da rufi domin iska ta ratsa. Su fuskanci kudu idan kana arewacin layin da ya raba duniya biyu, ko arewa idan kana kudancinsa, da karkata ta aƙalla digiri 10 domin ruwan sama ya riƙa wanke su. Ka hau da safe da kuma yamma ka ga ko inuwar tankin ruwa, ko eriya, ko reshen bishiya tana faɗawa a kan wani gefe, domin faranti da aka jera a layi ɗaya, inuwar da ta taɓa guda tana iya jan sauran ƙasa. Sannan ka tabbatar na'urar cajinka nau'in MPPT ce, wadda ke daidaita kanta don janyo iyakar wutar da faranti ke iya bayarwa, ba nau'in PWM mai sauƙi ba, domin manyan faranti irin naka suna asarar wuta mai yawa a hannun PWM. Mai shirin saye kuma ya nemi alamar gwajin IEC 61215 da IEC 61730 da lambar da ke cikin gilashin, tare da garantin shekara 25 da nagartattun kamfanoni ke bayarwa.

Tambaya: Baturana biyu na dalma sun shekara biyu, sun fara rauni. Zan iya sayen sababbi biyu in haɗa su da su? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, ban ba ka wannan shawara ba. Tsoho da sabo ba sa cika tare, ba sa kuma ƙarewa tare, don haka tsofaffin za su riƙa jan sababbin har su mayar da su irinsu cikin 'yan watanni. A canza su gaba ɗaya, iri ɗaya, girma ɗaya. Tunda kuma za ka taɓa wurin, ka sa ƙwararre ya duba kaurin wayoyin batir da fiyus da na'urar katse wuta da wayar da ke sauke tsawa ƙasa. Kayan wat 3,000 a tsarin bolt 12 suna jan amfiya 250, a tsarin bolt 48 kuwa ba su wuce 63 ba, shi ya sa idan gida ya girma ake komawa bolt 48, kuma siririyar waya ko sakakken kusa a irin wannan wuri yana iya haddasa gobara. Tsofaffin baturan kuma kada a fasa su, kada a bar su inda yara ke wasa, domin dalma guba ce mai lahani ga ƙwaƙwalwar yaro. A miƙa su ga masu karɓa domin sake sarrafawa.