Ɗalibin digiri na uku da ba malami ba zai iya samun tallafin TETFund?

Malam, ka ce kana karatun digiri na uku a jami'ar gwamnati, kuɗin bincike ya gagare ka, kuma kai ba ma'aikacin jami'ar ba ne. Gaskiyar magana, tallafin karatu na TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kuma makarantar ce take miƙa sunayen malamanta, don haka duk wanda ya nemi kuɗi a hannunka da sunan zai cusa sunanka, ka guje shi.

Abin da na fi ganin ya dace da kai shi ne tallafin Commonwealth da ke ba ɗalibin da ya riga ya fara digiri na uku a gida damar yin wata 12 a wata jami'ar Birtaniya, amma sai ka samu malami a can da ya amince ya duba aikinka. Idan bincikenka ya shafi man fetur, ka duba tallafin karatu na PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur.

Na ga ɗalibi mai kyakkyawan tsarin bincike ya rasa dama, saboda sai ana saura kwana biyu a rufe karɓar takardun neman tallafi ya nemi wasiƙar shaida. Ka fara zama da malamin da ke duba aikinka, sannan ka je ofishin makarantar karatun gaba da digiri ka tambayi sharuɗɗan neman tallafin na bana.