Amfanin Ƙarfe Mai Huji-Huji

Tambaya: Malam, na ga bene an lulluɓe fuskarsa da ƙarfe mai huji-huji. Ado ne kawai?
Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Akwai ado, amma babban aikinsa tare zafin rana ne kafin ya kai ga bango da tagogi, alhali iska da haske suna ratsawa. Da irinsa, na jan ƙarfe, aka lulluɓe sabon ginin gidan tarihi na de Young da ke San Faransisko a Amurka, wanda aka buɗe a 2005. A masana'anta kuwa rariya ce. Ka leƙa cikin injin niƙa mai guduma, za ka tarar faɗin hujin rariyarsa ne ke yanke laushin gari, shi ya sa mai niƙa ke sauya ta idan tsaki ake so.